Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Maganarmu ta wannan mako a kan ƙungiyoyin taimako ce, watau irin waɗanda mutane su ke kafawa ba don neman riba ba, ba kuwa da umurnin gwamnati ba, sai don su tallafi mata da samari su fita daga ƙangin talauci. Za mu ɗauki ƙasar Dutsin-Ma da ta Kurfi mu yi misali da su, don abin da ya same su ya sami maƙwabtansu, maganin da ya yi musu kuwa zai yi wa saura. Tambayar da mu ke so mu duba ita ce wadda kowa ya ke yi a zaure, amma ba a cika yin ta a gaban manyan baƙi ba. Shekara da shekaru ana rabon keken ɗinki da injin niƙa da 'yan kuɗi, to, me ya sa in ka koma yawancin gidajen da aka raba wa, sai ka tarad da su yadda aka bar su?

Da farko mu san ƙasar. Wanda ya tashi daga Birnin Katsina ya nufi kudu, Kurfi zai fara isa, ƙasar Maraɗin Katsina, sa'an nan ya faɗa Dutsin-Ma, ƙasar Yandakan Katsina. Allah bai hana wa yankin nan arziki ba. Ga gero da dawa da wake da gyaɗa, ga shanu da awaki, ga kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. Ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ga Kwalejin Horon Malamai ta Isa Kaita. Ga kuma madatsar ruwa ta Zobe bisa kogin Karaɗuwa, wadda aka gama ginawa a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, don a sha a kuma yi noman rani. Amma ku lura, sai a watan Yuli 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na madatsar, shekara 38 bayan an gina ta. Ku riƙe wannan a zuci, don darasin da ke cikinsa shi ne darasin keken ɗinki: ba da abu daban, sa shi ya yi amfani daban.

Sa'an nan masifa ta shigo. Ɓarayin daji sun addabi ƙauyukan yankin da na Safana da Batsari da Ɗanmusa, sun kore shanu, sun hana noma a gonakin nesa, sun bar mata da yawa da marayu a hannu. A ƙarshen watan Agusta 2021 gwamnatin jiha ta hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni, har da ta Dutsin-Ma, a watan Satumba kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, Kurfi da Dutsin-Ma suna ciki. An yi haka don a matsa wa ɓarayi, amma mai akuya ɗaya da za ta sayar ta sayi hatsi ita ma ta ji a jikinta. Daga 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, tsadar kaya kuwa a watan Disamba na shekarar ta wuce kashi 34 cikin 100. Ƙungiyar likitocin nan da a ke kira Na-gari Na-kowa, watau MSF, ta ba da labari cewa a wata 6 na farkon 2025 yara 652 suka rasu a wuraren jinyarta na Jihar Katsina saboda tamowa. Wanda ya ji wannan ya san maganar tallafa wa uwa ta sami abin hannunta maganar rai ce.

Yadda a kan yi rabo

Kowa ya san yadda a kan yi. A kafa rumfa, a jera kujeru, manya su yi jawabi, a kira sunaye, kowace mace ta tsaya bayan kekenta a ɗauki hoto, a watse. Ba mu ce masu yin haka ba su da kyakkyawar niyya ba, da yawansu aljihunsu suka taɓa, Allah ya saka musu. Amma mu bi keken nan zuwa gida mu gani. In an ba mata 30 keke a unguwa ɗaya, wa zai kawo wa wa ɗinki? Mutanen unguwa ba su ƙaru ba, kuɗinsu bai ƙaru ba, ɗinki kuwa sai da salla ya ke yawa. Ga shi koyon da aka yi mata na kwana 3 ne, alhali tela ya kan shekara biyu ko uku a gaban maigidansa kafin ya yanka yadin mutane ba da fargaba ba. Ba a ba ta kuɗin zare ba, ba a ba ta na yadi ba. Ran nan yaro ya kwanta da zazzaɓi, ba hatsi a rumbu. Me za ta yi? Sai keke ya tafi kasuwa a rabin kuɗinsa. Wanda ya zarge ta bai yi adalci ba, don uwa ba ta zuba wa ƙarfe ido ɗanta yana kuka.

Injin niƙa ma haka. Yana shan mai, yana cin gyara, in ya lalace sai an nemo mai gyara an biya. Ashe abu huɗu ne su ke kashe irin wannan taimako: rashin kasuwa, rashin jarin juyawa, yunwar da ba ta jira, da rashin mai komowa ya duba. Na huɗun nan shi ne babba, don da akwai mai komowa da ya ga sauran ukun tun ba su yi ɓarna ba.

Mata ba a zaune su ke ba

Kuskuren da baƙi su kan yi shi ne su zaci matan ƙasan nan ba su da sana'a sai an kawo musu. Wata Baturiya masaniya, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi, a 1967, ta kuma fitar da littafi a kan zaman mutanen garin a 1972. Abin da ya ba ta mamaki shi ne yawan cinikin da mata su ke yi daga cikin gidajensu, ba su fita ba: hatsi, man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, tuwon sayarwa, yara suna kai da kawowa. Har ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Mu kam ba a ɓoye ya ke gare mu ba, a cikinsa muka girma. Mai ƙosai ta san kuɗin mudun wake na jiya da na yau fiye da akawun ofis. Abin da ta rasa jari ne mai kauri, da wurin ajiyar da hannun kowa ba ya kai wa, da wanda zai ranta mata ranar da ciwo ya shigo gida don kada ta cinye uwar kuɗi.

Iyayenmu mata sun daɗe da samo rabin maganin, watau adashi. Kowace ta zuba, ɗaya ta kwasa, a zaga. Amma adashi yana da iyaka. Ranar kwasarki ba lalle ta zo daidai da ranar bukatarki ba, kuɗin ba ya haihuwa, in kuwa uwar adashi ta ci amana ba takarda ba shaida.

Abin da aka yi a Maraɗi

Sauran rabin maganin a wurin 'yan'uwanmu na Maraɗi aka same shi, can Jamhuriyar Nijar, ta hanyar Jibiya. Ba baƙi ba ne gare mu, don sarakunan Katsina na Haɓe ne suka koma can bayan jihadi, har yau kuwa Sarkin Katsinan Maraɗi a ke ce wa sarkinsu. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, zaman aure iri ɗaya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a ƙauyukan Maraɗi, bisa jagorancin wata mata 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Ƙungiyar ba ta kawo jari ba. Abin da ta kawo tsari ne, ta ɗora shi bisa adashin da mata suka riga suka sani.

Ga yadda tsarin ya ke tafiya. Mata 15 zuwa 30 waɗanda suka san juna suka yarda da juna su ke haɗuwa, su zaɓi shugaba da ma'aji da masu ƙirga. Su kan taru sau ɗaya a mako, kowace ta zuba abin da aka yanka. Kuɗin a akwatin ƙarfe a ke sa shi, mai kwaɗo 3, mabuɗan suna hannun mata 3 daban, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Wadda ta ke son jari ta faɗi abin da za ta yi da shi a gaban taro, a ranta mata zuwa 'yan watanni. Akwai kuma ɗan asusu na dabam don ciwo da haihuwa da rasuwa. In shekara ta kusa zagayowa sai a fasa, kowace ta ɗauki rabonta gwargwadon zubinta, a sake sabon zagaye. Mai koyarwa ya kan zauna da su zagayen farko, daga nan ya janye, su ci gaba da kansu.

Mu yi lissafi don misali. In mata 25 suka zuba naira 500 kowane mako, an tara naira 12,500 ke nan a mako. A mako 40 an sami naira 500,000, kuma duk tsawon lokacin kuɗin yana hannun masu ƙosai da masu man gyaɗa yana aiki. Ba wanda ya ba su, ba kuwa wanda zai zo ran zaɓe ya ce su tuna da alherinsa. Tsarin nan da aka haifa a ƙasar Hausa ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya, mutane miliyoyi suna cikinsa. Abin kunya ne a ce mutanen nesa sun ɗauka sun amfana, mu da mu ke bakin rijiyar muna jiran mai rabo.

Maganar kuɗin ruwa

Mun san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya. A wurare da yawa masu wannan tsari su kan ɗora wani abu bisa rancen, wannan kuwa bashi da ruwa ne, shari'a ta hana. Amma don ƙuda ya faɗa a ƙwarya ba a fasa ƙwaryar. Ana iya ba da rance ba ƙari, a mayar da abin da aka karɓa daidai. Ana iya yin ƙiradi, wanda duk mai karatun Risala ya gamu da shi a babin ciniki: taro ya ba da jari, mace ta yi sana'a, a raba riba bisa kason da aka yarda tun farko, in an faɗi ba da sakacinta ba hasarar ta jari ce. Ana iya kuma taro ya sayi buhun gyaɗa ko na wake da kaka, sa'ad da ya ke da araha, ya riƙa sayar wa 'yan taro da ɗan ƙari sananne. Wannan na ƙarshe yana da wani amfani, don a shekarar da tsada ta ke gudu, kuɗin da ke kwance a akwati narkewa ya ke yi, amma buhu ba ya narkewa. Aikin malaman Kurfi da Dutsin-Ma ke nan, su zauna su tsara wa mata hanyar da ta halatta. Cewa haramun kaɗai a tashi ba ya ciyad da maraya.

Wadda ba ta da abin zubi

Wani zai ce, to, wadda aka kashe mijinta, ta gudo gari da 'ya'ya 5, ina ta ga naira 500? Gaskiya ne, irin wannan sai an ɗaga ta tukuna. A nan ma akwai abin koyi. Wata ƙungiya ta ƙasar Bangaladash mai suna BRAC ta fito da wata hanya a 2002 don matalauta na can ƙasa. Daga baya masana suka gwada ta a ƙasashe 6, Habasha da Gana da Indiya da Pakistan da Peru da Honduras, a gidaje fiye da 10,000, suka bayyana sakamako a 2015. Cikin masanan akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019. Abin da a ke yi shi ne a haɗa wa gida abubuwa a lokaci ɗaya: abin sana'a, yawanci dabba, koyarwa a kan kula da shi, ɗan abinci ko kuɗin cefane na wasu watanni don kada a sayar da dabbar, wurin ajiya, da mai zuwa gida a kai a kai har wajen shekara 2. Da aka koma shekara guda bayan an janye, aka tarar gidajen sun fi takwarorinsu abinci da dukiya. A ƙasashe 5 amfanin ya fi abin da aka kashe. A Honduras ne abin bai yi ba, don kaji aka raba, ciwo ya shiga ya kashe da yawa.

Ku dubi wannan da kyau, ku masu rabon awaki da kaji. Dabba ba allurar rigakafi, ba malamin dabbobi, ba dusa, kyautar baƙin ciki ce. Mu kuwa muna da tamu tsohuwar hanya. Fulani suna da al'adar haɓɓanaye, mai shanu ya ba wanda ya rasa aron saniya, ta haihu a hannunsa sau biyu ko uku, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Hausawa ma sun san ba da kiwo. Akuya wata 5 ta ke ɗaukar ciki, sau da yawa kuma tagwaye ta ke haifa. In ƙungiya ta ba mace akuya bisa sharaɗin ta miƙa 'yar fari ga maƙwabciyarta, maƙwabciyar nan ita ce za ta fi kowa sa ido kada a kai uwar kasuwa.

Samari

Na samari ya ɗan bambanta, amma tushen ɗaya ne. Saurayin da ba gona, ba sana'a, ba karatu, shi ɓarayi su ke nema ya zama ɗan aikensu ko mai kai musu labari, shi kuma 'yan siyasa su ke haya. Maimakon taron kwana 3 da takardar shaida, ƙungiya ta nemi masu sana'a na gari, makanike da kafinta da mai walda da mai gyaran waya da magini, ta biya su su riƙe yaro shekara guda ko biyu, ta ɗauki abincin ranarsa, sa'an nan ranar yaye ta ba shi kayan aiki a gaban maigidansa da mai unguwa. Kayan da aka ba wanda ya iya aiki da su ba su cika zuwa kasuwa ba. A gefen Zobe kuma, samari 10 da injin ban ruwa ɗaya da fili na aro, da wanda ya san lokacin shukar tumatir da albasa da alkama, sun fi samari 10 da aka ba kowanne 'yan kuɗi a hannu. Jami'ar da ke Dutsin-Ma tana koyar da aikin gona. Me zai hana ɗalibanta su riƙa fita wurin waɗannan samari, kowa ya ƙaru da wani?

Akwai wani abu kuma da ya kamata a faɗa. Sana'ar mace ta cikin gida bisa kan 'yarta mai talla ta ke tafiya. In sana'a ta bunƙasa aka cire yarinya daga makaranta don ta ɗauki faranti, an toshe rami da ƙasar wani ramin. Ƙungiyar da ta san abin da ta ke yi sai ta nema wa mata mai saye a dunƙule, kamar masu shaguna da masu dafa abincin makarantu, don kaya su fita ba sai yarinya ta yini a tasha ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Yanzu maganar ta zo kanku, malaman makaranta da akawuna da limamai. Abin da ya fi kashe taron mata shi ne rashin mai rubutu amintacce. Malama ko ɗaliba da za ta ba da sa'a ɗaya a mako ta rubuta zubi da rance, ba ta riƙe mabuɗi ba, ba ta taɓa kuɗi ba, ta yi sadakar da ta fi buhun shinkafa. Wurin taro ma akwai shi, ga makarantun Islamiyya na matan aure, ga ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985. Kada wani ya ce baƙon abu ne mata su taru su koya wa juna. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara 'Yan Taru, tana naɗa jajis suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Magidanta kuma su ji tsoron Allah, dukiyar mace tata ce a shari'a. Wanda ya bar matarsa ta shiga taro sa'an nan ya tsaya a ƙofa ranar fashi yana jiran rabonta, ya karya taron duka.

In kuwa wata ƙungiya ta zo garinku da alheri, ku karɓe ta hannu biyu, amma hakimi ko dagaci ko mai unguwa ya yi mata tambaya huɗu cikin ladabi. Wa ya zaɓi sunayen nan, a gaban wa? Wa zai sayi abin da za a koya musu? Wa zai komo ya duba, yaushe? Cikin waɗanda kuka ba bara, nawa ne su ke aiki da abin har yau? Mai gaskiya zai ji daɗin tambayar, don ta nuna ya sami abokan aiki. Da ɗan gari a kan ci gari.

Ba mu ce a daina ciyad da mai yunwa ba. Wanda ya kwana bai ci ba abinci ya ke bukata yau, zakka da sadaka suna nan da matsayinsu. Ba mu kuma ce akwatin mata zai ɗauke wa gwamnati nauyin tsaron rai da dukiya ba, don ba ƙungiyar da za ta yi wa manomi maganin bindiga. Har ma muna gargaɗi, a inda ba kwanciyar hankali kada a bar kuɗi mai yawa ya kwana a akwati, a fitar da shi rance, ko a mai da shi kaya, ko a kai banki. Abin da mu ke cewa shi ne, taimakon da zai daɗe shi ne wanda ya tarad da mace da ɗan gatarinta ya wasa mata shi.

Muna roƙon masu karatu na Kurfi da Dutsin-Ma da kewaye, duk wanda ya san wani taron mata ko na samari da ya shekara 2 yana tafiya da ƙafafunsa, ya rubuto mana yadda su ke yi, da abin da ya ba su wuya, da yadda suka warware maganar rance. Wanda ya ga inda aka gwada abin ya watse, shi ma ya rubuto dalili, ba sai ya ambaci sunan kowa ba. Za mu buga a wannan shafi don wasu su koya. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa albarka a cikin ɗan abin da ke hannunmu, amin.